Inda Ƙasa Ke Ɗumama Lemu: Tafiyata Tsofaffin Gonakin Nebraska

Ɗan yayata ne ya ja ni wannan tafiya. Yana karatun aikin gona a Jami'ar Nebraska da ke birnin Lincoln, ni kuwa wani kwas na malaman gona ne ya kai ni Amurka a watan Maris. Da aka tashi daga kwas ɗin na biya mu gaisa, sai ya ce, "Kawu, kada ka koma gida ba ka ga inda ake noman lemu a tsakiyar ƙanƙara ba." Na tambaye shi ko da wutar lantarki ake ɗumama wurin, don na san mai kuɗi yana iya yin haka a ko'ina. Ya ce a'a, ƙasa ce ke ɗumama shi. Wannan amsa ce ta sa na ɗage ranar komawata. Sai dai ya gindaya mini sharaɗi: ba za mu miƙe can kai tsaye ba, sai mun bi ta gonakin mutanen da suka fara kafa gida a wannan fili, domin a wurinsu dabarar ta samo tushe.

Muka fara da kudu. Daga Lincoln zuwa garin Biyatiris bai kai tafiyar awa guda ba, kuma a yammacin garin kaɗan akwai wurin tarihi na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1936 a kan gonar wani mutum mai suna Daniel Freeman. Shi ne ake ƙidayawa cikin na farkon da suka karɓi fili a ƙarƙashin dokar rabon gonaki da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayu, 1862. Freeman ya shigar da takardarsa ranar 1 ga Janairu, 1863, ranar da dokar ta fara aiki. Abin da dokar ta ce ba shi da wuyar fahimta. Duk wanda ya kai shekara 21, ko yake riƙe da iyali, zai biya dala 18 na takardu a ba shi eka 160. Ya gina wurin kwana, ya nome filin, ya zauna a kai shekara 5, ya kawo shaidu biyu, fili ya zama nasa. Mace marar aure da wadda mijinta ya rasu suna da wannan dama, haka baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa. Da wannan doka aka raba eka miliyan 270 a jihohi 30, wato kashi 10 cikin 100 na duk faɗin Amurka. A Nebraska kaɗai abin ya kai kashi 45 cikin 100 na jihar.

Rufin ginin baje kolin da ke wurin an yi shi ne da siffar bakin garma, filin ajiye motocin kuma an auna shi eka guda daidai, don mai ziyara ya tsaya ya ƙiyasta irinsa 160. Na tsaya na ƙiyasta. A takarda kyauta ce babba. Amma cikin kusan mutum miliyan 4 da suka shigar da takarda, miliyan 1.6 ne suka kai ga karɓar shaidar mallaka. Sauran yunwa, bashi, fari da kaɗaici sun kore su, wasu kuma dama ba zama ya kawo su ba. A bayan ginin akwai wani ɗakin katako da aka gina a 1867, ƙafa 14 a faɗi, 16 a tsawo, wanda miji da mata da 'ya'ya 10 suka taɓa zama a ciki. Kuma waɗannan masu sa'a ne, domin a gabashin jihar ana samun itace a bakin rafuka. Idan ka nausa yamma, itace ya ƙare. Ba dutsen gini, ba gawayi, ba kuɗin sayen katakon da jirgin ƙasa ke kawowa. Ciyawa ce iya ganinka, sai iska, sai sanyin da ke sauka har digiri 29 ƙasa da sifiri.

Washegari muka kama hanyar yamma, muka bi gefen kogin Filat zuwa Girand Ailan. Mun zo a kan gaɓa, don a watan Maris ne gauraki sama da dubu 500 ke yada zango a wannan kogi kan hanyarsu ta zuwa arewa. Da rana suna kiwo a gonakin masara da aka girbe, da magariba su koma tsakiyar ruwa su kwana a tsaye. Kukansu kana jin sa tun daga nesa. A nan ne ɗan yayata ya ɗauko zancen da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Filin da gwamnati ta raba kyauta yana da masu shi. Ƙabilar Fawni sun daɗe a bakin kogunan Filat da Luf, suna noman masara da wake da kabewa, suna zaune cikin manyan ɗakuna masu kewaye waɗanda aka lulluɓe da ƙasa tun daga tushe har ƙololuwa. Matansu ne ke noma, su ne kuma ke haƙa ramukan ajiya masu ƙaramin baki da faɗin ciki, su shimfiɗa ciyawa, su jera busasshiyar masara, su toshe bakin yadda baƙo ba zai gane ba. Sai gari ya tashi farautar ɓauna na tsawon watanni, ya dawo ya tarar da abincinsa lafiya lau. Tsakanin 1873 da 1875 aka kwashe su zuwa Oklahoma ta yau. Mutanen da suka haura dubu 10 a shekarun 1830, zuwa farkon ƙarni na 20 ba su kai 700 ba. Duk wanda zai yaba wa hikimar baƙin da suka zo daga baya, wajibi ne ya ambaci wannan tukuna. Shiga cikin ƙasa don tsira daga sanyin wannan fili, da ajiye abinci a cikinta, an san su a nan tun kafin a kawo garmar ƙarfe.

Daga Girand Ailan muka hau hanya mai lamba 2, wadda ta ratsa jihar ta arewa maso yamma har garin Alayans inda ake noman lemun, mil 272. Zangonmu na farko gundumar Kasta ce, wadda ta yi suna da gidajen ɓawon ƙasa. Kusa da ƙauyen Komstok akwai guda da ya rage a tsaye, gidan iyalin Dowse, wanda aka gina a 1900 aka kuma zauna cikinsa har 1959. Kaurin bangon ya haura ƙafa 2. Tagoginsa sun lotsa ciki har mutum zai iya zama a bakinsu, kuma a nan matan irin waɗannan gidaje ke jera tukwanen furanni da na ganyen miya a lokacin sanyi.

Yadda ake ginin ya cancanci a tsaya a kai, don aiki ne na tunani. Ciyawar wannan fili ta shekara dubbai ba a taɓa nome ta ba, saiwoyinta sun sarƙe sun riƙe ƙasa gam. Wannan sarƙewar, wadda ke karya garmar manomi, ita suka mayar kayan gini. Akwai wata garma ta musamman da ke yanko ɓawon ƙasar ba tare da ta farfasa shi ba, faɗinsa kamar ƙafa guda, kaurinsa inci 4. Sai a bi da shebur a daddatsa shi ƙafa 2 zuwa 3. Kowane yanki yakan kai nauyin kilo 20 ko fiye. Ana jera su ne ciyawa tana kallon ƙasa, layi biyu ko uku a jere, ana saɓa mahaɗarsu, bayan 'yan sahu kuma a gitta wani sahun don ya ɗaure bangon. Ba a yanko abin da ya wuce na aikin yini, domin idan ya bushe marmashewa yake yi. A saman taga da ƙofa ana barin gurbi a cusa tsumma ko ciyawa, saboda bangon zai zauna a hankali, in ba a bar gurbin ba nauyinsa ya fasa gilashin. Gilashi kuwa shi da ƙofa da bututun hayaƙi su ne kusan abin da ake fitar da kuɗi a saya. Gida madaidaici yakan cinye ɓawon kusan eka guda. Wanda bai da halin wannan ma, sai ya nemi gaɓar rafi ko gefen tudu ya haƙa ciki, ya toshe gaba da ɓawon ƙasa, ya zauna a haka shekara ɗaya ko biyu.

Ba aljanna ba ce. Rufin kirare ne da ciyawa da ɓawon ƙasa a sama, in an yi ruwan kwana ɗaya a waje, a ciki sai ya ci gaba da ɗiga bayan gari ya washe. Ɓeraye da ƙuma da macizai suna zaune a bangon. Matan gida kan ɗaura farin yadi a ƙarƙashin rufin don ya tare ƙasa da ƙwari kada su faɗa cikin tukunya, su shafe bango da yumɓu. Amma gidan ba ya cin wuta idan gobarar daji ta taso, iska ba ta ratsa shi, da rani yana da sanyi, da hunturu kuma ɗan murhu guda ya ishe shi. Mun shiga muna rawar ɗari, babu wuta a ciki, amma da aka rufe ƙofa kukan iskar ya ɗauke, jikina ya saki.

A garin Burokin Bo muka shiga gidan tarihin gundumar muka ga hotunan Solomon Butcher, wanda tun daga 1886 ya riƙa bin gonaki da keken doki yana ɗaukar iyalai a ƙofar gidajensu, har hotunan suka haura dubu 3. Mutanen kan fito da duk abin da suke tinƙaho da shi: dawaki, keken ɗinki, teburi da kankana a kai. A wani hoton saniya ce tsaye a kan tudun da gidan ke jingine da shi, sai ka rantse a kan rufin take. A wani kuma uwar gida ta sa an ciccibo kayan kiɗanta an kai tsakiyar fili, don 'yan'uwanta na gabas su ga kayan, kada su ga gidan ƙasar. Akwai kuma iyalin baƙar fata, waɗanda suka fito daga bauta, zaune a gaban nasu gidan cikin tufafin fita. Na daɗe a gaban wannan hoton.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne batun makamashi. Tunda ba itace, busasshen kashin ɓauna ake tsinta. Da aka ƙarar da ɓaunar, wadda a da ake ƙirga ta da miliyoyi, aka koma na shanu. Mata da yara ne ke yawo da buhu ko baro suna tarawa kafin sanyi ya sauko, a jibge a gefen gida. Ana ƙona totuwar masara da karan furen rana. Ana murɗa busasshiyar ciyawa tamau a yi mata ƙulli don ta ɗan jima tana ci, kuma akan wuni ana murɗawa ana cusawa a murhu. A shekarun da farashin masara ya faɗi warwas, ita kanta masarar aka riƙa ƙonawa, don ta fi kwal araha. Buhun fulawa ya zama rigar yara da labule. Tokar murhu a tace ruwanta a haɗa da kitse a dafa sabulu. Sukari na da tsada, sai a shuka dawa mai zaƙin kara a matse a dafa ruwan ya yi kauri. Kuɗin gishiri da kananzir kuwa sau da yawa daga ƙwai da man shanun uwar gida yake fitowa. Sunan miji ne a takardar fili, amma na fita daga wannan gidan tarihi da yaƙinin cewa hannun mata ne ya riƙe yawancin gonakin nan har suka cika shekara biyar ɗin.

Mun kwana a gonar iyayen wani abokin karatun ɗan yayata, dattawa biyu masu kiwon shanu. Sun san ba ma cin naman alade tun kafin mu iso, suka yi mana miyar dankali da burodin gida, suka kuma ba mu ɗaki da ruwan ɗumi don alwala. Allah Ya saka musu. Da safe dattijuwar ta kai mu bayan gida, wurin wani ɗan tudu mai ƙofa a kishingiɗe. Kogo suke kiransa. Kakannin mijinta ne suka haƙa shi. Matakala ta sauka da mu cikin wani ɗaki mai rufin baka na jan bulo, ƙasa jibge a samansa, ga ɗan bututu ya leƙa waje don iska ta riƙa zagayawa. A waje ruwan kwatami ya daskare. A ciki sanyi ne mai laima wanda bai kai na daskarewa ba, kuma haka yake zama duk tsawon hunturu.

Ta nuna mana yadda ake jera kaya, kuma kowane abu da dalilinsa. Dankalin turawa a akwatin katako cikin duhu, don haske na sa shi ya yi kore ya yi ɗaci. Karas a binne cikin yashi mai danshi. Kabeji a rataye da saiwarsa, kai ƙasa. Tuffa nesa da sauran kaya, saboda tana fitar da wata iska da ke hanzarta nuna da lalacewar abin da ke kusa da ita. Albasa da kabewa ba su son laima, don haka wurinsu daban a cikin gida. A kan katakai kuma ga kwalabe masu murfin murɗawa, irin waɗanda John Mason ya ƙirƙiro a 1858, cike da tumatir da wake da kokwamba. Daga Oktoba zuwa Mayu babu abin da ke tsirowa a waje, saboda haka abin da iyali ya sauke cikin wannan rami da kaka shi ne abin da zai ci. Idan guguwa mai juyawa ta taso da bazara, nan kuma kowa ke gudowa ya ja ƙofa.

Mijin ne ya nuna mana abin da ya haɗa wannan rami da lemun da muke nema. A kudancin tsohon bargar dawakai akwai alamar wani rami mai kusurwa huɗu. Ya ce a watan Maris akan haƙa kamar ƙafa 2, a cika da ɗanyen kashin doki haɗe da ciyawar shimfiɗa, a tattake, a yayyafa ruwa. Bayan 'yan kwanaki takin zai ɗau zafi sosai. Sai a jira zafin ya ɗan sauka, a zuba ƙasa mai kyau a kai, a kewaye da katako, ɓangaren arewa ya fi tsawo, a kifa tsohuwar taga a sama tana fuskantar kudu. Wanda ba shi da gilashi ya shafa wa farin yadi mai ya ɗaura. Da dare a rufa da tsohon bargo, da rana a ɗan ɗaga don kada tsiron ya dahu. A ciki ake renon irin kabeji da tumatir da dankali, ta yadda idan sanyi ya janye a watan Mayu dashe ya riga ya yi ƙwari. A wurin da lokacin noma gajere ne, waɗannan makonni su ne bambancin wanda zai ci tumatir da wanda ƙanƙarar kaka za ta riga shi.

Duk wannan tanadi ba ya hana musiba. A 1874 fara ta sauko ta rufe rana, ta cinye amfanin gona ƙarƙaf, ta gaigayi har ƙotar fartanya, jiragen ƙasa suka kasa tafiya don santsin gawarta a kan dogo. Ranar 12 ga Janairu, 1888, gari ya waye da ɗumi, yara suka tafi makaranta ba rigunan sanyi masu kauri, da rana guguwar ƙanƙara ta auko ba zato. Mutum 235 aka ƙidaya sun rasu a yankin, da yawansu yara ne da suka ɓata a hanyar gida. Farin shekarun 1890 kuma ya kwashe dubbai ya mayar da su gabas.

Bayan Burokin Bo ƙasar ta sauya. Muka shiga tuddan yashi da ciyawa ta lulluɓe, waɗanda suka mamaye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga gida ba, sai shanu baƙaƙe, da dogayen jiragen kwal da ke bin gefen hanya, da famfunan iska suna juyawa a kan kwatamai. Ruwa yana kusa a nan, domin tafkin ƙarƙashin ƙasa na Ogalala ya fi kauri a ƙarƙashin waɗannan tuddai. Eka 160 ba ta riƙe iyali a yashi, shi ya sa a 1904 aka yi dokar Kinkaid ta ƙara rabon zuwa eka 640. Cikin waɗanda suka amsa kiran har da baƙar fata da suka kafa matsuguni mai suna DeWitty a bakin kogin Luf ta Arewa. Garin ya watse tuni, allon tarihi ne ya rage a gefen hanya mai lamba 83, muka ratse muka karanta shi muka yi musu fatan alheri. Ɓawon yashi ba ya ginuwa, saboda haka mutanen nan suka koma jera ƙunshin ciyawar da inji ya matse, su soke shi da sanduna, su yaɓe ciki da waje. A ƙauyen Arta akwai cocin da aka gina haka a 1928, yana nan tsaye. A Halsi kuma mun wuce dajin da aka dasa da hannu tun daga 1902, bisa shawarar masanin tsirrai Charles Bessey.

Mun shiga Alayans dusar ƙanƙara na kwance a gefen titi. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarsa kuma tana yanka fuska. Ɗakin shukar da ake noman lemun a ciki yana wajen gari. Russ Finch ne ya ƙirƙiro shi, manomi kuma tsohon mai raba wasiƙu, wanda ya fara gwada dabarar wajen ɗumama gidansa kafin ya mayar da ita kan shuka. Daga waje ba abin kallo ba ne: gini ne mai tsawo a kwance amma marar tsayi, kamar ya nutse, ɓangaren kudu rufin roba mai shigar da haske, ɓangaren arewa a toshe. Aka buɗe mana ƙofa muka sauka. Tabarau na ya yi hazo nan take, ƙamshin furen lemu ya cika mini hanci. Da na goge tabarau sai ga itatuwan lemun zaƙi da na tsami sun fi ni tsawo, 'ya'ya rataye, ga ɓaure, ga rumman, ga inabi ya bi rufi. Ta cikin robar ina hango farin fili. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai na gaya maka."

Bayanin da aka yi mana bai da sarƙaƙiya. An haƙa daɓen ɗakin ƙafa 4 ƙasa da doron ƙasa. A waje kuma an binne bututan roba a zurfin ƙafa 8, sun yi doguwar tafiya a ƙarƙashin fili sun dawo. A wannan zurfi zafin ƙasar wurin yana tsayawa kusan digiri 11 duk shekara. Duk wanda ya taɓa jan ruwan rijiya da asubar hunturu ya ji shi da ɗumi, ya kuma ja shi da azahar ɗin bazara ya ji shi da sanyi, ya san wannan sirri. Ruwan bai sauya ba, iskar sama ce ke sauyawa, ƙasa mai zurfi kuwa tana riƙe da matsakaicin zafin shekara. Fanka ce ke tura iskar ɗakin cikin bututan, ta zaga ta ɗauko ɗumin ƙasa ta dawo. Digiri 11 ba zafi ba ne, amma lemu ba zafi yake nema da dare ba, abin da yake tsoro daskarewa ce. Da rana kuwa yammacin Nebraska na da hasken rana mai yawa ko a tsakiyar hunturu, rufin kudu ya kama shi, bango da daɓe su sha su riƙe. Da rani kuma iskar bututan ce ke sanyaya ɗakin. Rahotannin da aka yi a kan wurin sun ce wutar da fankokin ke ci ba ta wuce ta kusan dala guda a rana ba. Tsadar tana wajen haƙa da kayan gini, sau ɗaya.

Ba nan kaɗai aka yi wannan tunani ba. A tsaunukan Bolibiya an haƙa wa manoma ramukan shuka masu rufin leda a shekarun 1990, a arewacin Sin kuma akwai ɗakunan kayan lambu masu kaurin bangon ƙasa ta arewa, waɗanda ke ba birane ganye a tsakiyar sanyi ba tare da an hura wuta ba. Amma ganin na Alayans bayan na fito daga kogon dattijuwar nan da ramin kashin dokin mijinta ya sa na fahimce shi da kyau. Rami ne, da taga mai kallon kudu, da bango a bayan iska. Fanka da bututun roba ne kawai sabon abu.

A hanyar komawa ɗan yayata ya tambaye ni ko zan gina irinsa a gida. Na ce masa ba a kwafe shi yadda yake. Damuwarmu a wuraren noman rani na Kano ba daskarewa ba ce, zafin Afrilu da Mayu ne, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, furen tumatir ya zube bai ɗaura ɗa ba, wanda aka tsinka kuma ya narke a kwando kafin ya kai kasuwa. Rufin roba a kan rami a irin wannan rana tanda zai zama. Da damina kuma ramin da aka haƙa a fadama ruwa zai cika shi. Ƙasarmu mai zurfi ma ba digiri 11 take ba, tana bin matsakaicin zafin garin ne, wanda a Kano yake wajen digiri 26 ko sama da haka kaɗan. Sai dai tazarar da ke tsakanin 40 da wannan ba ƙarama ba ce ga kwandon tumatir, ko buhun irin dankali, ko ɗan tsiron da ake reno. Abin da zan ɗauka shi ne bututun da ramin ajiyar, a kan tudu mai jan ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya, da rumfar inuwa a maimakon roba, da ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana.

Ya ce, "To Kawu, ta ina za a fara?" Na ce da awo. Kafin manomi ya kashe ko sisi, zan sa a haƙa rami a gonar gwajinmu, a binne ma'aunin zafi a ƙafa 3, da 6, da 8, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da azahar tun daga Maris har ruwa ya sauka, a kuma duba inda ruwan ƙasa ke tsayawa a watan Agusta. Shi kuma na ɗora masa aikin nemo mini lissafin tsawon bututu da ƙarfin fankar da ɗaki mai faɗin ƙafa 12 zai buƙata, ya aiko mini kafin ya zo hutu.